Ɗan'uwan Gurmi a Duwatsun Amurka

Duk wanda ya tashi a zango, ko a Kumasi ne, ko a Nima ta Akara, ko a unguwar Hausawa ta Yawunde, ko a Anjamena, kunnensa ya saba da kiɗan maƙwabta tun yana goye. Mun ji hailaif, mun ji makosa, mun ji waƙoƙin Indiya da na Sudan, mun kuma ji muryar Jim Reeves da Don Williams da Dolly Parton tana fitowa daga rediyon teloli da kaset ɗin direbobin dogon zango. Wannan kiɗa na ƙarshe, wanda ake kira kantiri, mun daɗe da karɓarsa hannu bibbiyu. Sai dai a zaure muka tsaya, ba mu shiga cikin gidan ba. A ciki akwai ɗakuna uku da ba kasafai ake leƙa su a wajenmu ba: bulugiras, da rok na jihohin kudu, da wanda za mu kira kantirin gefe. Ra'ayinmu shi ne sun cancanci kunnenmu, domin akwai zumunci tsakaninmu da su, akwai kuma gargaɗi a cikin tarihinsu wanda ya fi shafarmu mu da muke 'yan tsiraru a ƙasashen da muke zaune.

Zumuncin ya fara ne daga banjo, abin kiɗan da shi ne tambarin bulugiras. Yau idan aka ambace shi, hoton da ke zuwa wa mutane shi ne na Bature da malafa a bakin rumfarsa. To amma wani likita, Hans Sloane, wanda ya je Jamaika a 1687, ya fitar da littafi a 1707 ɗauke da zanen kayan kiɗan bayi: ƙoƙon duma, an ɗaure masa fata, an soka masa sanda, an ja tsirkiya. Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, wanda shi kansa mai bayi ne, ya rubuta cewa daga Afirka bayin suka zo da shi. A shekarun baya-bayan nan wani mai bincike ɗan Gambiya, Daniel Jatta, ya nuna yadda akontin na ƙabilar Jola ya yi kama da tsohon banjo, har da gajeruwar tsirkiyar da ake taɓawa da babban yatsa. Masana sukan lissafa gurmi cikin wannan dangi. Ba mu ce a Kano aka haifi banjo ba. A tsibiran Karibiyan aka ƙera shi, da hannun mutanen da aka kwaso daga ƙasashe dabam-dabam. Amma wanda ya taɓa riƙe gurmi ko molo ko garaya, idan ya ga tsohon banjo na duma, ba sai an gabatar masa da shi ba.

Ta yaya ya kuɓuce daga hannun masu shi? Daga wajen 1830 zuwa 1840 wasu Turawa suka fara shafa baƙi a fuska suna hawa dandamali da banjo, suna kwaikwayon bayi don a yi dariya. Wasan ya karɓu ƙwarai, masana'antu suka shiga ƙera banjo da katako da ƙarfe, duma ya ɓace. Sannu a hankali baƙar fata suka juya masa baya, domin ya zama abin yi musu ba'a, suka koma ga jita. Da kamfanonin faifai suka zo a shekarun 1920, sai suka raba kasuwa gida biyu, faifan baƙaƙe dabam, faifan ƙauyawan Turawa dabam, alhali a gonaki da mahaƙar kwal tare mutanen suke kiɗa. Shi ya sa tarihin kantiri yake cike da malamai baƙar fata da aka manta: Lesley Riddle, wanda ya riƙa yawo da A. P. Carter suna tattara tsofaffin waƙoƙi, da Rufus Payne, wanda ya koya wa Hank Williams jita, da DeFord Bailey, tauraron shirin rediyo na Grand Ole Opry har aka sallame shi a 1941.

Bulugiras ya samo sunansa daga ƙungiyar Bill Monroe, mutumin jihar Kentaki, mai suna Blue Grass Boys. Monroe da bakinsa ya ambaci Arnold Shultz, baƙar fata mai jita da goge, cikin waɗanda suka buɗe masa kunne yana saurayi. A ƙarshen 1945 wani matashi, Earl Scruggs, ya shiga ƙungiyar da salon kaɗa banjo da yatsu uku, sauti yana zuba kamar ruwan indararo, daga nan kiɗan ya ɗauki kamannin da aka san shi da su. Ba ganga a cikinsa, ba lantarki. Banjo ne da jita da mandolin da gogen Turawa da wani babban goge da ake tsayarwa a ƙasa ana fizgar tsirkiyarsa. Kowane abin kiɗa yakan fito gaba ya faɗi albarkacin bakinsa, sannan ya ja baya ya ba ɗan'uwansa wuri. Muryar kuwa siririya ce, tana hawa sama, da kewa a cikinta.

Kewar tana da dalili. Mutanen duwatsun Afalaciya talakawa ne, manoma da mahaƙa kwal, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu dubbansu suka bar gida zuwa masana'antun Ohayo da Ditiroit da Baltimo, inda ake yi musu kallon ƙauyawa ana dariyar karin harshensu. Abin da suke rerawa ke nan: gidan da aka bari, da uwar da ta tsufa tana jira, da kabarin da ba a samu zuwa ba, da jirgin ƙasa. Jikokin fataken goro na Salaga, da jikokin alhazan da hanya ta ajiye su a Mai Wurno, ba sa bukatar tafinta kafin su gane wannan ciwo. Mai son farawa ya nemi "Blue Moon of Kentucky" ta Monroe, sai "Foggy Mountain Breakdown" ta Flatt da Scruggs ta 1949 don ya ji iyakar gudun yatsa. Daga nan ya zauna shi kaɗai ya saurari Ralph Stanley yana rera "O Death" ba tare da kiɗa ba, tsoho yana roƙon mutuwa ta ɗaga masa ƙafa. Duk wanda ya girma yana jin waƙoƙin wa'azi a bakin almajirai zai ji tsikar jikinsa ta tashi. Cikin na yanzu akwai Alison Krauss, da Billy Strings, da Molly Tuttle, wadda a 2017 ta zama mace ta farko da ƙungiyar makaɗan bulugiras ta duniya ta zaɓa gwanar jita ta shekara.

Ɗaki na biyu ya fi hayaniya, ya kuma fi ƙura. Rok na kudu ya haɗa jitar lantarki da bulus da kantiri da kiɗan coci. Ƙofar shiga ita ce The Allman Brothers Band, wadda aka kafa a 1969 ta zauna a garin Mekon na jihar Jojiya. Jagoranta, Duane Allman, ya yi suna ne yana kaɗa wa Wilson Pickett da Aretha Franklin jita, kuma cikin makaɗan gangarta biyu ɗaya baƙar fata ne, Jaimoe, a lokacin da cin abinci tare a wasu garuruwan kudu kan jawo rigima. Faifansu At Fillmore East na 1971, wanda aka naɗa a gaban jama'a, yana da waƙar da ta haura minti ashirin. Mu da muka saba da Shata ya ɗauki waƙa ɗaya yana ta juya ta, kalangu na amsa masa, tsawo ba zai gundure mu ba. A wannan shekarar Duane ya rasu a haɗarin babur yana da shekara 24.

Ƙurar tana wajen Lynyrd Skynyrd. Ƙungiya ce mai hazaƙa: "Simple Man" nasihar uwa ce ga ɗanta, irin wadda kowace uwa a zango za ta sa wa hannu, kuma "The Ballad of Curtis Loew" yabo ne ga wani tsohon makaɗi baƙar fata. Amma ƙungiyar ta shekara da shekaru tana rataya tutar jihohin da suka yi yaƙi don kare bauta a bayan dandamalinta. Wannan ba abin da za a share ba ne, kuma ba mu roƙi kowa ya share ba. Abin sha'awa shi ne daga cikin gidan aka samu masu tuhuma. Patterson Hood, ɗan jihar Alabama wanda mahaifinsa ya yi wa manyan mawaƙa baƙar fata kiɗa a Muscle Shoals, ya jagoranci Drive-By Truckers suka fitar da Southern Rock Opera a 2001, inda suka tasa yankinsu a gaba da alfaharinsa da abin kunyarsa, har da haɗarin jirgin sama na 1977 da ya hallaka jagoran Skynyrd. Son gida bai hana su faɗa wa gida gaskiya ba.

Ɗaki na uku na masu ƙorafi ne. Da masana'antar Nashbil ta goge kantiri ya yi sumul don kasuwa, wasu samari daga jihar Ilinoi masu suna Uncle Tupelo suka koma ga tsofaffin waƙoƙi suka kaɗa su da zafin ƙuruciya. Faifansu na 1990, No Depression, sunan wata tsohuwar waƙar iyalan Carter ya ɗauka, daga baya har wata mujalla ta ari sunan. Da suka rabu a 1994 aka samu Wilco da Son Volt. A wannan layi muna ba da shawarar Car Wheels on a Gravel Road na Lucinda Williams na 1998, da Revival na Gillian Welch na 1996, da Southeastern na Jason Isbell na 2013, wanda ya rubuta bayan ya rabu da barasa. Mutanen da ke cikin waƙoƙin nan su ne ma'aikacin da aka rufe masana'antarsa, da sojan da ya dawo bai dawo ba, da matar da ta gaji da haƙuri.

Za a ce mana a cikin waƙoƙin nan akwai giya da sharholiya. Akwai, kamar yadda akwai a wasu waƙoƙin goge namu, kuma mai hankali tsinta yake yi. Galibi ma giyar cikin kantiri ba a yabonta, kukan abin da ta rusa ake yi. Za a ce harshen ba namu ba ne. Ai mun shekara hamsin muna zubar da hawaye kan waƙar Indiya ba mu jin ko kalma goma. Za a kuma ce kiɗan jikokin masu bayi ne. Rabinsa gadon bayin ne, kuma wanda ya ƙi kayansa don ya gan su a hannun wani, ya yi asara sau biyu.

Nan gargaɗin yake. A 2005 aka yi taron baƙar fata masu sha'awar banjo a garin Bun na Karolina ta Arewa. A can wasu matasa, cikinsu har da Rhiannon Giddens, suka haɗu, suka riƙa zuwa gidan Joe Thompson, tsoho mai goge da ya haura shekara tamanin, ɗaya daga cikin na ƙarshe da suka gaji tsohon salon kiɗan baƙar fata na wannan yanki. Suka koya a gabansa, suka kafa Carolina Chocolate Drops, faifansu ya ci kyautar Grammy a 2011. Thompson ya rasu a 2012. Da sun yi jinkirin shekara bakwai, da sai dai su karanta labarin a littafi.

Mu duba namu. Ɗan Maraya Jos ya tafi a 2015, Malam Maman Barka na Nijar ya tafi a 2018. A bukukuwanmu yanzu fiyano ɗaya da na'urar gyaran murya sun maye gurbin makaɗa biyar, kuma yaron da ya nuna sha'awar gurmi ko kukuma sai a ce zai zama maroƙi, a kwaɓe shi. Kano da Damagaram suna iya jure wannan na ɗan lokaci, domin idan makaɗi ɗaya ya faɗi akwai goma. A zango sau da yawa mutum ɗaya ne, idan aka binne shi an binne da waƙoƙinsa. Kuma mun san abin da ɗan tsiraru zai iya idan aka bar shi ya yi: A'ishatul Fallatiya, jinin Hausawa, tana cikin matan farko da muryarsu ta fita a Rediyon Omdurman, har yau Sudan na tinƙaho da ita.

Mutanen bulugiras sun ceci kiɗansu da abu mai sauƙi. Tun daga taron Finkasil na jihar Bajiniya a 1965 suke haɗuwa duk shekara, kuma babbar makarantar tana wajen ajiye motoci, inda yaro ɗan shekara goma kan tsaya kusa da tsoho ɗan saba'in su kaɗa tare ba wanda ya kore shi. Ba abin da ya hana sarakunan zango da ƙungiyoyin matasanmu ware yini ɗaya bayan Sallah don haka. Ba abin da ya hana mai waya ya je ya naɗi tsohon unguwarsu, ya tambaye shi wa ya koya masa, da wace fata ake ɗaure ƙoƙon, da sunan kowane take. Mai aurar da ɗiya kuma ya ware wa mai gurmi awa ɗaya kafin a kunna lasifika.

Saboda haka a saurari Scruggs, a saurari 'yan Allman, a saurari Lucinda Williams, don daɗinsu kawai ma ya isa dalili. In an gama, a tambaya ko a unguwarmu akwai sauran mai gurmi, kuma wane yaro ne yake zama a gabansa.