Wanda Ya Ci Ladan Kuturu Dole Ya Yi Masa Aski

A Arewa idan biki ya taso, matan gida da na maƙwabta su ne ke kafa tukwane, su kwana bakin murhu, ba mai biyan kowa ko sisi. Amma wanda zama ya kawo shi Kurmi, yana haya a ɗaki biyu a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun, ba shi da tsakar gidan kafa murhu, ba shi kuma da dangin da za su taya shi. Saboda haka ne wasu 'yan Arewa mazauna Kudu suka koma ba da kwangilar abincin biki.

To, ga abin da kan faru. Magidanci zai aurar da 'yarsa, sai ya nemi mai kwangila, su yi ciniki da fatar baki a kan abincin mutum 300, ya zube kuɗi duka nan take. Ran biki an ɗaura aure da hantsi, baƙin da suka kwana a mota daga Kano da Sakkwato suna zaune, abinci bai iso ba sai bayan la'asar. Da aka buɗe kuloli, shinkafa ta fara tsami, nama bai kai ga rabin jama'a ba. Uban amarya ya sunkuyar da kai gaban surukai. Kashegari in an ce ya je ya nemi kuɗinsa, sai ya ce ya bar wa Allah.

Haƙuri abu ne mai kyau, babu shakka. Amma irin wannan haƙuri kunya ce da tsoron baƙunta, kuma maƙwabcinsa ne zai biya, domin gobe shi za a yi wa haka. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda bai yi askin ba kuwa, sai ya mayar da lada.

Dokar ƙasa ma haka ta ce. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba wanda aka yi wa aiki marar kyau ikon ya nemi a gyara masa, ko a mayar masa da wani kashi na kuɗinsa daidai da ɓarnar. Biki ba ya maimaituwa, watau maganar gyara ba ta taso ba, saura mayar da kuɗi. Sai dai a yi adalci. Idan an kawo abincin mutum 200 mai kyau an kuma ci, kuɗin 100 da ba a kawo ba shi ne abin nema.

Hanyar nema kuwa mataki mataki ce. Da fari a je wa mai kwangila cikin mutunci tare da shaidu, a nuna rasit da hoton abincin. In ya ƙi, a rubuta masa takarda a sa masa wa'adi. Sarkin Hausawa na unguwa da shugaban kasuwar da mutumin ke sana'a sukan iya kashe magana a zama ɗaya. In abin ya faskara, gwamnatin Jihar Ikko tana da ofishin sasanta jama'a tun 1999, kuma kyauta ne. A 2018 kuma jihar ta buɗe kotun ƙananan basussuka a ƙarƙashin majistare, inda mutum zai iya tsayawa da kansa ba lauya.

Abu biyu ne ya kamata a guje musu. Na ɗaya, kai ƙara caji ofis. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don saɓa alkawarin ciniki kawai, wanda ya je can zai ƙara asara ne. Na biyu, tara samari a je a yi hayaniya bakin shago. Mai kwangila ko Bahaushe ne, ko Bayarabe, ko Ibo, laifinsa nasa ne shi kaɗai. Jama'a ba su manta ba, rikicin kasuwar Shasha ta Badun a 2021 daga cacar baki ya taso, har aka yi asarar rayuka da dukiya.

Amma fa rigakafi ya fi magani. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Saboda haka kafin a miƙa kuɗi a rubuta yawan mutane, da irin abinci, da lokacin kawowa, da abin da za a mayar in an saɓa, kowa ya sa hannu. A ba da kafin alƙalami, a riƙe cikon sai baƙi sun ci sun wanke hannu. Mai gaskiya ba zai ƙi sa hannu ba, wanda ya ƙi kuwa a nemi wani tun da sauran lokaci.

Allah ya ba ma'aurata zaman lafiya, ya kuma rufa asirin iyaye, amin.