Sirantaka Ko Batir: Me Za Mu Yi Da Allon Da Ba Ya Kai La'asar?

Kwana biyu kun ji ni shiru, wallahi hidimar kasuwa ce ta sha kaina, albasa ta shigo sosai, kuma duk wanda ya san Mile 12 a irin wannan lokaci ya san ba a zama. Yau dai na ce sai na amayar da wata magana da ta daɗe tana cin raina, a kan kwamfutar nan ta hannu mai kama da allo, wadda Baba ba ya kiranta da komai sai "allon nan naka". Ni ma allo zan riƙa ce mata a nan, don ya fi sauƙin faɗa.

Bari in fara da abin da ya same ni, don mai karatu ya san ba haka kawai na tashi da surutu ba.

Na sayi wani allo na hannu, wato wanda wani ya riga ya yi amfani da shi a ƙasar waje, kuma gaskiya ba abin da ya ja ni sai kyansa. Siriri ne ƙwarai, in ka juya shi ta gefe kamar ba komai a hannunka. Na kwashe lissafin rumfarmu na zuba a ciki: wa ya ɗauki buhu nawa, wa ya biya, wa ake bi, wace mota ta taso daga Aliero, wace ce ke hanya. Ranar da Baba ya fara ganinsa ya jujjuya shi ya ce, "Kai, wannan abu kamar fallen gurasa, shi zai riƙe mana amanar mutane?" Na yi dariya, na ce Baba zamani ne.

Wata rana an ɗauke wuta tun magariba, ba a kawo ba har gari ya waye. Na fito da allon da kusan rabin caji, ina ganin zai kai ni. Mota ta iso da asuba, muka yi ta sauke kaya ina shigarwa, rana ta take na ƙure hasken fuskarsa don in iya gani, kafin azahar ya mutu murus. Daidai lokacin ne wata Iya Bayarabiya, wadda ta fi shekara 10 tana sayen kaya wurin Baba, ta zo biyan bashi. Ta ce kuɗin buhu 12 ake bin ta, Baba ya ce 14 ne. Aka juyo aka dube ni, ni kuma ga baƙin gilashi a hannuna. Magana ta ɗan yi zafi, ta ajiye kuɗin 12 ta tafi ranta a ɓace. Da daddare da na samu caji na kunna, sai ga shi ita ce da gaskiya: ta turo kuɗin buhu 2 ta banki tun makon da ya wuce, ni na shigar ban gaya wa Baba ba. Washegari ni aka tura har shagonta in ba ta haƙuri. Laifina ne na rashin faɗa, ban musa ba. Amma da allon nan yana da rai a wannan minti biyar ɗin, da maganar ba ta kai ko'ina ba.

Tun daga ranar na shiga bin diddigin abin, kuma abin da na gano ya ba ni mamaki. iPad na farko da kamfanin Apple ya fitar a 2010 kaurinsa milimita 13.4 ne, kuma suka ce batirinsa zai yi awa 10. A 2011 aka rage shi zuwa 8.8, awa 10. A 2014 iPad Air 2 ya zo da 6.1, awa 10. A watan Mayun 2024 suka fito da iPad Pro mai inci 13 da kauri 5.1, suka ce a lokacin shi ne abu mafi sirantaka da suka taɓa ƙerawa. Awa nawa? Awa 10. Shekara 14 ke nan, an tashi daga 13.4 zuwa 5.1, amma awannin ba su motsa ba ko ɗaya.

To jama'a, wannan ba gazawa ba ce, zaɓi ne. A cikin shekarun nan ƙwaƙwalwar na'urorin ta ƙara iya tattalin wuta ba kaɗan ba. Duk ribar da aka samu, ana iya mayar da ita awannin aiki, ana kuma iya mayar da ita sirantaka da ƙarin haske da gudu. Su sun yanke cewa awa 10 ta ishi kowa, sauran kuma a kai wa kwalliya. Abin da ya tabbatar mini da haka shi ne abin da ya faru a 2012. Da suka sa wa iPad na uku fuska mai cin wuta, sai suka ga awa 10 za ta kuɓuce musu, nan take suka ƙara girman batir daga kusan 25 zuwa 42.5 a ma'aunin Wh, allon ya ƙara kauri daga 8.8 zuwa 9.4. Ashe dai in an ga dama ana iya ƙara kauri, kuma duniya ba ta tashi ba.

Dubi na 2024 ɗin ma. Wanda ya gada, mai inci 12.9, kaurinsa 6.4 ne. Yawancin ragin ya samu ne saboda an koma fuska irin ta OLED, wadda kowane ɗigo ke ba da haskensa da kansa, ba ta buƙatar fitila a bayanta. Ke nan fili ya samu a ciki kyauta. Na zauna na yi ɗan lissafi irin namu na 'yan sakandare: tsawon allon wajen santimita 28, faɗinsa 21 da rabi, in ka ninka da milimita 1.3 da aka zabge, za ka samu wuri da ya kai cokali biyar na cin abinci. A cikin na'ura, wannan fili ne babba. Maimakon a cika ko da rabinsa da batir, sai ma batirin ya ɗan ragu, daga 40.88 zuwa 38.99. Kuma ba Apple kaɗai ba ne, kada a ce na tsane su. Samsung ma tseren take: Galaxy Tab S9 Ultra na 2023 kaurinsa 5.5, na 2024 ya koma 5.4, na 2025 ya sauko 5.1. Sai dai a nan dole in faɗi gaskiya, na 2025 ɗin sun ɗan ƙara masa batir, daga 11,200 zuwa 11,600 a ma'aunin mAh.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Awa 10 ɗin nan da ake faɗa, a ina aka auna ta? An auna ne da sabon batir, a cikin ɗaki, ana lilo a intanet ta Wi-Fi ko kallon bidiyo. Su da kansu sun ce in da layin waya kake aiki awa 9 ce. Wanda aka ƙera wa abin mutum ne da ke da soket a gefen gado, da wani a ofis, da wani a jirgin ƙasa, wutarsa ba ta ƙiftawa. A wurinsa awa 10 ta yi yawa ma. Mu fa? A nan an raba masu shan wuta gida biyar, daga rukunin A da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana har zuwa rukunin E mai awa 4, kuma a Afrilun 2024 aka kai kuɗin rukunin A naira 225 kowane yunit. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, tayar da janareto don cajin na'ura ya zama abin da sai ka yi tunani sau biyu. A Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun haura mako guda cikin duhu, duk wanda ke da 'yan uwa a gida ya tuna yadda kiran waya ya gagara. Ga mai irin wannan rayuwa, tambayar ba wai allon zai kai dare ba ce. Tambayar ita ce zai kai gobe da yamma in ba a kawo wuta ba?

Sai kuma zafi, wanda shi ne aka fi mantawa da shi. Apple sun rubuta cewa a yi amfani da na'urorinsu tsakanin digiri 0 zuwa 35, kuma zafin da ya wuce haka yana iya rage ƙarfin batir har abada. To a ƙarƙashin kwanon rumfa da ƙarfe biyu na rana a watan Maris, ko a Sakkwato a watan Afrilu inda ake haura 40, ina za ka samu wannan? Allo ba shi da fanka a ciki. Duk zafin da ƙwaƙwalwarsa ta haifar, ta jikinsa yake fita, kuma in jikin ya zama siriri, naman da zai shanye zafin ya ragu. In ya ji wuta sai ya rage gudu da kansa, ya dusashe haske don kada ya ƙone. Masu ƙerawa sun san da haka, shi ya sa a na 2024 Apple suka shimfiɗa wani sinadari mai jan zafi a ciki, har tambarinsu na baya suka sa wa jan ƙarfe. Dabara ce mai kyau. Amma ka biya kuɗin doki mai gudu, rana na yi ya koma tafiyar jaki, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Wani abokina ɗan Agege da ke zanen tambari da katin biki ya yi mini musu sosai a kan wannan, kuma yana da hujja. Ya ce ni ban san wahalar riƙe abu a hannu ɗaya awa uku ana zane ba. Gaskiya ne, batir nauyi gare shi. Na 2024 ɗin giram 579 ne, wanda ya gada 682, bambancin giram 100 da ɗoriya, kuma mai karatun Alƙur'ani a kwance ko ɗalibin da ke yawo da shi a jaka zai ji wannan a hannunsa. Na yarda da shi a kan nauyi. Inda muka rabu shi ne kauri. Na ce masa ciro naka mu gani. Ya ciro, ga shi cikin wata ƙatuwar riga ta roba mai kusurwa kamar tayar babur, ga kuma fawa bank a aljihun jaka da igiyarsa. Na ce to ina sirantakar? Ka biya kuɗi an cire maka milimita guda, ka sake biyan kuɗi ka mayar da uku, sannan batirin da aka hana ka a ciki ka saye shi daban kana ja da igiya. Ya yi dariya ya ce ai tsoron lanƙwasa ne. Kuma tsoron ba na banza ba ne, don a ƙarshen 2018 an yi ta ƙorafi a kan wasu iPad Pro da suka fito da ɗan karkata tun daga kwali. Wanda ya taɓa shiga danfo daga Ketu zuwa Oshodi da jaka a baya ya san irin matsar da ake sha.

Akwai kuma maganar da ta fi shafar aljihunmu. Mu nawa ne ke sayen sabo dal? Yawancinmu na hannu muke saye a Computer Village ta Ikeja, bayan wani ya more shi shekara biyu ko uku. Batir kuwa tsufa yake, kowane caji na rage masa kwana. Apple sun ce batirin iPad an tsara shi ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 1,000. Ke nan ko an kula da shi, awa 10 ta koma 8 kafin ma rana da raunin sabis su ci nasu rabon. In batir babba ne tun asali, ko ya tsufa da sauran abin mora. In ƙarami ne, kai na biyu kai za ka kwashi ragowa. In ka ce a canza maka, a irin waɗannan alluna sai an gasa gam an ɗaga gilashin gaba tukuna, kuma mai gyara zai gaya maka tun farko cewa in ya fashe ba ruwansa. Gilashin kuma shi ne mafi tsada a jikin na'urar.

Turawa ma sun fara gajiya da wannan. Daga 20 ga Yunin 2025 Tarayyar Turai ta sa doka cewa wayoyi da allunan da za a sayar a ƙasashenta sai batirinsu ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80, kuma sai an ci gaba da samar da kayan gyara har shekara 7 bayan an daina sayar da samfurin. Mu ba mu muka yi dokar ba, amma tunda kayansu ne ke gangarowa wurinmu, wataƙila nan da 'yan shekaru mu ɗan shaƙi ƙamshinta. Haka nan wasu kamfanonin Sin tun 2023 sun fara sa sabon nau'in batir mai sinadarin silikon, wanda ke ɗaukar wuta da yawa a ƙaramin wuri. Abin da nake tsoro shi ne, da zarar ya wadata, a sake mayar da ribar sirantaka, a bar mu a awa 10.

Ni dai a nawa ganin, in ɗan uwa ya zo sayen allo don kasuwa ko karatu, kada ya tsaya kallon gefensa. Ya tambayi ƙarfin batir, ya haɗa da girman fuska, don babbar fuska ci gare ta, mAh 8,000 a inci 11 ba ɗaya ba ne da 8,000 a inci 13. Ya tambayi ko masu gyara na da batirinsa da gilashinsa a kasuwa. In na hannu ne, ya zauna a shagon ya cika shi, ya ƙure haske, ya kunna bidiyo rabin awa ya ga nawa zai zube. In mai shago ya hana, ya san akwai dalili. Kuma lissafin buhu da WhatsApp da karatu ba sa buƙatar ƙwaƙwalwar da ake haɗa fim da ita, matsakaiciya ta fi sanyi, ta fi tattalin wuta.

Nawa siririn na sayar da shi da asara. Wanda na saya a madadinsa mai kauri ne, bayansa roba, ba wanda zai gan shi ya ce ba ni in gani, amma yana kai ni kwana biyu in ban matsa masa ba. Duk da haka Baba ya kafa sharaɗi: kowace yamma kafin mu rufe sai na kwafe lissafin ranar cikin littafinsa mai baƙin bango, da biro, yana zaune yana kallo. Jiya ma sai da ya kama ni na tsallake buhu 3 na wani Alhaji ɗan Shagamu.