'YAN BARANDAN LASIN TUƘI

'Yan'uwa ɗalibai, tun zamanin En'e da wuya ka sami ofishin hukuma wanda babu wani mutum zaune a ƙofarsa, a gindin bishiya, da ɗan teburinsa da alƙalaminsa, yana rubuta wa jama'a wasiƙa da takardar koke ana ba shi ladansa. Wannan sana'a ce ta halal, ba mu da ta cewa a kanta, domin duk wanda ya tsuguna gabansa ya san sarai ba gaban akawun gwamnati ya tsuguna ba. Wanda ya sa muka ɗauki alƙalami wani ɗan baranda ne dabam, wanda ya bar gindin bishiya ya koma intanet, ya ari rigar akawu ya sa, kana ya kafa teburinsa a kan hanyar da mai neman lasin tuƙi zai bi, yadda ba za a kai ga ofishin gaskiya ba sai an ratsa ta gabansa.

Ga yadda abin ke tafiya. Mutum zai ɗauki wayarsa ya tambayi Google inda ake neman lasin. Sunan da zai fara fitowa a sama, sau da yawa, na wanda ya biya kuɗin talla ne. Ya latsa, sai ga shafi tsaf, launinsa irin na hukuma, kalmominsa irin na hukuma, har da wani tambari mai kama da hatimi. Ya cika fom, ya ba da sunansa da ranar haihuwarsa da adireshinsa da lambar katin banki, ya biya. Masu ɗan sauran kunya daga cikinsu sukan kwashe abin da ya rubuta su zuba a shafin gwamnati na ainihi, watau aikin da shi kansa zai iya yi cikin 'yan mintoci, su riƙe rarar kuɗin. Marasa kunyar kuwa ko wannan ba su yi, sai mutum ya gaji da jira ya je ya sake biya a inda ya kamata tun farko.

Kada wani ya ce ai wannan ciwo ne na ƙasashen da ilmi bai wadata ba. Inda aka fi bin diddigin al'amarin, har aka kai shi gaban alƙali, ƙasar Biritaniya ce. Can hukumar da ake kira DVLA, mai mazauni a birnin Swansea, ita ke ba da lasin tuƙi a Ingila da Wales da Sikotilan, kuma kuɗinta a bayyane yake. A 2014 aka rage kuɗin lasin koyo na farko daga fam 50 zuwa fam 34 ga wanda ya nema ta intanet, aka mayar da na sabuntawa, wanda ake yi bayan kowace shekara 10, daga fam 20 zuwa fam 14. Canja adireshi kyauta ne. Wanda ya kai shekara 70 yakan sabunta nasa bayan kowace shekara 3, shi ma kyauta. To, a kan wannan kyauta 'yan barandan suka fi yin kiwo. A 2021 hukumar ta yi shela tana jan kunnen tsofaffi, ta ce akwai shafukan da ke karɓar har fam 81 a kan aikin da ita ba ta karɓar ko anini. Ku dubi wanda aka zaɓa a cuta: dattijo mai shekara saba'in da 'yan kai, wanda idonsa ya fara rauni, wanda kuma tsoron kada a kama shi da lasin da ya mutu ya sa shi gaggawa.

A watan Maris na 2018 wata babbar kotu a Teesside, arewa maso gabashin Ingila, ta ɗaure mutum 6 waɗanda suka kafa irin waɗannan shafuka tsakanin 2011 da 2014. Ba lasin tuƙi kaɗai suka kwaikwaya ba, har da fasfo da jarrabawar tuƙi da takardar haihuwa, da bizar ƙasashe kamar Amurka da Turkiyya. Abin da suka tara ya haura fam miliyan 37. Shugabansu ya sami shekara 15, ɗaurin su duka kuwa in an haɗa ya wuce shekara 35. Mai karatu ya tsaya ya auna wannan dukiya. Ba a fasa banki aka kwashe ta dare ɗaya ba, da 'yan famfamai aka tara ta, daga aljihun mutanen da galibinsu sun biya sun tafi, suna tsammanin hakkin gwamnati suka sauke. Sata ce wadda wanda aka yi wa bai san an yi masa ba, shi ya sa ta daɗe, shi ya sa kuma ta yi riba.

Masu wannan sana'a suna da hujja, kuma ya kamata mu saurare ta kafin mu yanke hukunci. Cewa suke yi su ba su taɓa kiran kansu gwamnati ba. Aikin duba fom suke yi, su gyara kuskure, su karɓi la'ada kamar kowane dillali. Kuma ga shi can a ƙasan shafi sun rubuta cewa ba su da wata alaƙa da hukuma. Kowa ya sayi rariya, in ji su, ya san za ta zubar da ruwa.

A ganinmu wannan hujja ba ta sha ruwa ba. Wanda ya sayi rariya ya ga hudojinta da idonsa kafin ya biya. Amma mai tumatirin da ya jera manya jajaye a bakin kwando, ya cusa ruɓaɓɓu a ƙasa, ba zai kuɓuta don ya ce ai bai hana kowa zazzage kwandon ba. A kasuwa algus ake kiran wannan, kuma ba a taɓa jin Sarkin Kasuwa ya tambayi mai saye dalilin da ya sa bai zazzage ba. Wanda ya rubuta abin da zai ja ka da manyan baƙaƙe a sama, ya rubuta abin da zai kore ka da ƙananan baƙaƙe masu dishi-dishi a ƙasa, ya riga ya nuna wanne yake so ka karanta. In da gaske aikin duba fom yake sayarwa, me ya hana shi rubutawa a saman shafi cewa gwamnati fam 14 take karɓa, shi kuma zai ƙara nasa a kai? Ya san ranar da ya yi haka kasuwarsa ta watse. Su kansu masu dokar Biritaniya sun gane wannan, domin dokar kare masu saye ta 2008, wadda aka maye gurbinta a 2025 da wata mai ɗauke da wannan ƙa'ida, ta ɗauki ciniki a matsayin yaudara ko da kowace kalma a cikinsa gaskiya ce, muddin yadda aka tsara shi gaba ɗaya zai ruɗi mutum mai matsakaicin lura.

Saboda haka ba mu tare da masu ɗora wa wanda aka cuta laifi, suna cewa da ya buɗe ido. Wannan magana ta fi fitowa daga bakinmu mu 'yan boko, kuma akwai girman kai a cikinta. An ƙera tarkon ne musamman don idon da ke buɗe.

Sai mu juya ga wanda ya ba ɗan baranda rumfa. Matsayin farko a sakamakon bincike, inda ake sa talla, gwanjonsa ake yi, kuma ɗan baranda yana iya tayawa da tsada tunda daga aljihun wanda ya faɗa tarkon zai fanshe. Ashe ke nan kamfanin da ya sayar masa da wurin yana da kaso a cikin kowace la'ada. A 2014 sai da gwamnatin Biritaniya ta zauna da Google kafin aka fara sauke irin waɗannan tallace-tallace, kuma sai a 2020 kamfanin ya kafa ƙa'idar hana tallan takardun da mutum ke iya samu kai tsaye daga gwamnati, har da lasin tuƙi. Mun yaba, amma muna tambaya: kuɗin tallan da aka karɓa a shekarun da suka gabaci wannan ƙa'ida, wa aka mayar wa? Bugu da ƙari, shelar DVLA da muka ambata ta fito ne shekara guda bayan ƙa'idar, alamar cewa in an rushe rumfa yau, gobe an kafa wata da sabon suna. Yanzu kuma ga Facebook da WhatsApp, inda ake tura wa mutum adireshin shafi daga hannun ɗan'uwansa, wanda shi ma turo masa aka yi.

Me ya kawo wannan zance cikin mujallarmu? Dalili shi ne mu ne 'yan shekarun neman lasin farko, tunda doka a Nijeriya ta ce sai an kai 18, kuma mu ne iyayenmu ke miƙa wa waya su ce duba mini. A nan gida hannu uku ne a cikin lasin: Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 Wole Soyinka yana shugabanta na farko, da jami'an duba motoci da aka fi sani da VIO, waɗanda ke gwada mai tuƙi, da hukumar tara haraji ta jiha. Mai neman na farko tilas ya bi ta makarantar koyon tuƙi da aka amince da ita, tilas kuma ya kai kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Kuɗin da aka tsayar a watan Yuni na 2025 shi ne naira 15,000 na shekara 3, naira 21,000 na shekara 5, ga lasin mota. Don haka duk shafin da ya ce ka biya ka zauna a ɗakinka a kawo maka lasin farko, ba gwaji ba ɗaukar yatsu, cinikin biri a sama ne. Hukumar kiyaye haɗurra ta sha yin gargaɗi a kan shafukan bogi masu aron sunanta.

Kuma hasararmu ta fi ta Bature nauyi. Shi galibi rarar kuɗi ya yi hasara, lasinsa na gaskiya ya iso. Namu kuwa yana iya ƙarewa da kati mai sheƙi wanda babu shi a rajistar hukuma, ba zai sani ba sai ranar da aka tsare shi a hanyar Kaduna aka duba lambar, ko ranar da ya yi haɗari, ko ya kai shi neman aikin direba. Ran nan shi ne mai laifi a idon doka, wanda ya buga katin kuwa ya ɓace. Ga kuma lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa, wadda tun ƙarshen 2020 ake nema wajen yin lasin, ta faɗa hannun wanda bai sani ba, alhali da ita aka ɗaure layin wayarsa. Ba mu ma taɓo batun wanda ya hau titi da mota ba tare da kowa ya gwada shi ba, da rayukan da ke gabansa.

Amma fa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan baranda ba ya samun ciniki sai inda hanyar gaskiya ta yi wuyar bi. Biritaniya ta tattara ayyukan gwamnatinta a ƙarƙashin adireshi guda, GOV.UK, tun 2012, har ya zama abin da ake gaya wa jama'a bai wuce jimla ɗaya ba: in ba ka ga wannan suna ba, ka fita. Mu ma muna da namu, domin adireshin da ya ƙare da gov.ng an keɓe shi ga hukumomin gwamnati. Sai dai an ɗauki shekaru shafin neman lasin na hukuma yana ƙarewa da org, irin wanda kowa ke iya saye da 'yan kuɗi kaɗan. Yaya za a zargi talaka da kasa bambance na gaske da na bogi, alhali na gasken bai sa rigarsa ba? Haɗa da jeka-ka-dawo tsakanin ofisoshi uku, da takardar wucin gadi ta kwana 60 wadda sau da yawa takan ƙare katin bai fito ba. Mutumin da ya sha wannan, in wani ya ce masa kawo kaza in hutar da kai, ba wauta ce ta sa ya miƙa ba. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 tana nan, ta kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan. Abin da muke jira mu gani shi ne shari'a irin ta Teesside, mai suna da adadi da hukunci, wadda za a buga a jarida kowa ya karanta.

Akwai wata magana da ba ta da daɗi, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shafin bogi ba aljani ke gina shi ba. Mai gina shi ya san kwamfuta, ya iya Turancin ofis, ya san launin da ke kwantar da hankalin mutum, watau dai irinmu ne, ko wanda ya riga mu fita. Haka kuma yaron da ke zaune a shagon kwamfuta a bakin ƙofar makaranta yana cika wa mutane fom. In ya ce kuɗin hukuma kaza ne, ladana kaza ne, ga rasit, babu mai ƙorafi. In ya haɗe su ya faɗi dunƙule ɗaya ya ce haka gwamnati ta sa, to, bambancinsa da mutanen Teesside yawan kuɗi ne kawai. Mun san halin rashin aiki da ake ciki, ba kuma daga sama muke magana ba. Sai dai wanda ake tatsa ɗin ɗan acaɓa ne da direban tasha, waɗanda harajinsu na cikin abin da ya gina ɗakunan da muke karatu.

Muna kira ga Majalisar Ƙungiyar Ɗalibai ta nemi ofishin hukumar kiyaye haɗurra na jiha ya ba ta adireshin shafinsa na gaskiya da jerin kuɗin lasin a rubuce, da sa hannu da kwanan wata. A juya shi da Hausa, a rubuta har da ajami, a manna a allon sanarwa na kowane ɗakin kwana da kowane shagon kwamfuta da ke cikin harabar makaranta, a kai kofe tashar mota da ke bakin ƙofa. Duk shagon da ke haya a filin ƙungiya kuma a sa masa sharaɗin raba kuɗin hukuma da ladan aikinsa a kan rasit, wanda ya ƙi a karɓe rumfar a ƙarshen zango.