Core i7 ko i5: Tarkon da ke jiran mai sayen laftof mai araha a yammacin Zamfara

Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma a 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar cewa WAEC da NECO ma za su bi sahu. Wannan ya sa uba a Dareta da ke ƙaramar hukumar Anka, ko a Gummi da Bukkuyum, ya fara lissafin kuɗin laftof kamar yadda yake lissafin kuɗin taki. Sabuwa ta yi wa yawancin mutane nisa tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023, don haka gwanjo ake nema, a shagunan Gusau ko a titin Beirut da ke Kano.

A nan ne tarkon yake. Mai shago zai nuna ɗan tambarin da aka liƙa kusa da madannai ya ce "Core i7 ce", mai saye kuma ya ɗauka babu wadda ta fi ta. Sai dai i3 da i5 da i7 sunan aji ne kawai. Abin da ya fi muhimmanci shi ne zubin furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa duk aikin kwamfutar, kuma a lambobin da ke bin sunan ake gane shi. A i7-7500U, lambar farko tana nufin zubi na 7. A i5-8250U, zubi na 8 ne. Ta farkon cibiyoyin aiki biyu gare ta, ta biyun kuwa, wadda Intel ya fitar a 2017, huɗu gare ta. Ke nan i5 ɗin ta fi i7 ɗin ƙarfi idan aka buɗe manhajoji da yawa a lokaci guda.

Yanzu zancen zubi ya wuce na sauri kawai. Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 kamar yadda ya saba. Windows 11 kuma a ƙa'ida tana buƙatar Intel zubi na 8 zuwa sama, ko mafi yawan AMD Ryzen jerin 2000 zuwa sama. Kwamfutocin da suka gaza wannan sharaɗi su ne ofisoshin Turai da Amurka ke da dalilin rabuwa da su, kuma kasuwannin gwanjo irin na Ikeja a Legas ne masaukinsu. Masu gyara suna iya ɗora Windows 11 a kansu ta bayan fage, amma Microsoft bai ba da tabbacin sabunta musu tsaro ba. Ga mai shiga asusun banki ko shafin rajistar makaranta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai batun katin hoto. Ana yawan zuga matasa su ƙara kuɗi don laftof mai katin Nvidia na daban. Ga mai wasannin bidiyo masu nauyi ko mai tace fim, da hujja. Amma ɗalibin da zai yi atisayen jarabawa, ya buga takardu a Word, ya kalli darasi a YouTube, katin da ke haɗe cikin furosesa ya ishe shi. Vega 8 da ke cikin Ryzen 5 3500U, ko Iris Xe da Intel ya kawo daga zubi na 11 a 2020, suna ɗaukar har ƙananan ayyukan zane da haɗa katin biki.

Katin daban yana da wani harajin da ba a faɗa a shago: cin wuta da zafi. Harafin da ke ƙarshen lambar furosesa yana ba da labari. Mai U an tsara ta a kan kusan wat 15, mai H kuwa a kan wat 45, kuma galibi ita ake haɗawa da katin hoto mai ƙarfi. A ƙauyen da caji ya dogara ga sola ko janaretan mai shago, bambancin nan shi ne tsakanin karatun dare da batir da ya mutu kafin isha'i. Ga ƙurar hunturu da zafin bazara, waɗanda ke toshe fanka su sa inji ya riƙa ja da baya.

Akwai kuma sababbi fil masu arha da ke ɗauke da Celeron N4020. Ba sa shan wuta, amma da yawansu RAM ɗinsu gigabait 4 ne da aka manne, ba a iya ƙarawa. Tsohuwar ThinkPad ko Latitude ko EliteBook zubi na 8 mai RAM 8 da ma'ajiyar SSD ta fi su amfani nesa ba kusa ba.

Mutumin Dareta ba ya da zarafin mayar da kaya cikin sauƙi, ganin nisa da halin tsaron hanyoyin yankin. Don haka a shagon ake gama bincike. A buɗe Task Manager a karanta cikakkiyar lambar furosesa, domin tambarin jiki ana iya sauya shi. A cire caja a ga yadda batir ke sauka cikin minti 20, sannan a sa mai shago ya rubuta lambar da adadin RAM a kan rasit.