Layi biyu masu shuɗi ba amsa ba ne

Ka taɓa tura saƙo mai muhimmanci a WhatsApp, ka ga layi biyun nan sun yi shuɗi, hankalinka ya kwanta, daga baya ka gano mutumin buɗewa kawai ya yi bai karanta ba? Tun 2014 da aka kawo wannan alamar muke ruɗin kanmu da ita.

Sojojin ruwa sun daɗe da gane wannan matsalar. A jirgin yaƙi kyaftin yana sama, masu kula da injin suna can ƙasa cikin ƙara da zafi, ko ihu ba ya isa gare su. Sai aka ƙera wata na'ura mai fuska kamar agogo, an rubuta umarni kewaye da ita: gaba da sauri, gaba a hankali, tsaya, baya. Kamfanin Chadburn na Liverpool a Ingila ya yi suna wajen ƙera ta tun ƙarni na 19. Da farko sarƙa ke jan ta, daga baya lantarki ya karɓi aikin.

Ga inda hikimar take. Idan jami'i ya murɗa hannun na'urar a sama, ƙararrawa za ta buga a ƙasa, allura ta nuna umarnin. Dole injiniya ya murɗa nasa hannun zuwa kan wannan umarnin daidai, sannan allurar sama ta nuna amsarsa. Idan ya yi kuskure, nan take kyaftin zai gani. Wato sai ka maimaita abin da aka faɗa maka kafin a yarda ka ji.

Mu koma gida. A nan Gwadangaji mun san yadda ruwan Rima ke cika fadama da damina, kuma ba mu manta da ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar Kebbi ba. Idan ka tura wa ƙaninka a Argungu cewa ya janye injin ban ruwa daga bakin gulbi kafin dare, shuɗin layi ba zai ceci injin ba.

Ni dai yanzu duk manhajar da na rubuta, saƙon gaggawa ba ya daina ƙara sai mai karɓa ya zaɓi abin da aka ce ya yi. Abokaina masu haɗa manhaja, ku gwada. Kai kuma mai waya, idan an turo maka lambar asusu ko lokacin shan magani, kada ka tsaya a "to". Sake rubuta abin ka mayar.