Ɗakin Ango Yana Cin Gonar Gado: Ina Ƙananan Hukumominmu?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ya ratsa ta Dawanau ya nufi Bichi, zai ga abin da ke damunmu ba sai an faɗa masa ba. Inda aka saba ganin gero da gyaɗa, yau tubalin bulo ne a jere. Ƙasar nan tamu tun zamanin kakanni ba ta san hutu ba, taki da jaki ne suka riƙe ta, kuma kowane rabon gado yana ƙara tsaga gona har ta koma ba ta ciyar da gida guda. Ga samari sun isa aure, gidan gandu ya cika, ba inda za a yanka wa ango ɗaki. Sai uba ya sayar da rabin gonar don ya gina a ɗaya rabin, ya sami wurin kwana ya rasa abin tuwo.

Gwamnatoci ba su zauna ba. An gina rukunan Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo tsakanin 2011 da 2015, gwamnatin tarayya kuma ta zo da nata shirin a 2024. Sai dai gidaje ne na mai albashi da babban ɗan kasuwa. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 yana cirar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, ya ba shi rance da kuɗin ruwa kashi 6. Manomin Kunci ba shi da albashi, kuma ko da yana da shi, riba riba ce, ƙanƙantarta ba ta halatta ta.

A ganinmu mabuɗin yana hannun hukumar da muka fi rainawa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a filayen da ba na birni ba, har da na zama. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa zuba wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ko da yake aiwatarwar tana tafiyar hawainiya. Ba muna roƙon ciyaman ya gina gidaje ba ne. Mun san yadda kwangila take ƙarewa. Abin da muke nema shi ne ya zauna da hakimi da dagatai a ware fili ɗaya a gefen gari, a kan fako ko tudun da ba ya noma sosai, a biya masu shi diyya ta gaskiya, a auna, a fitar da layuka da magudanar ruwa, a haƙa rijiyar burtsatse, a bar burtali yadda yake. Sauran aikin namu ne.

Kuma muna da kayan aikin. Adashi muna yin sa, gayya mun gaje ta, magina da masu azara suna nan a kowane ƙauye. Da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, mutane da yawa sun tuna cewa ginin ƙasa mai kyakkyawan tushe da rufin kwano ba abin kunya ba ne, ya ma fi sanyi a bazara. Abin da ya rage shi ne tsari: ƙungiyar gama kai mai rajista, mai littafi, wadda za ta gina ɗaki biyu da zagaye, mai shiga ya riƙa biyan haya yana sayen rabon ƙungiya kaɗan-kaɗan, da kaka idan amfani ya zo gida, har gidan ya zama nasa. Malaman fiƙihun zamani suna kiran wannan musharaka mutanaƙisa. Musulmin Toronto a ƙasar Kanada sun kafa irin wannan ƙungiya tun farkon shekarun 1980, sun mallaki gidaje ba tare da sisin riba ba.

Inda za a yi hattara shi ne dillalan filaye. In aka raba fuloti da sunan mutum, kafin damina biyu talaka ya sayar, mai kuɗin birni ya kewaye da katanga ya tafi. Shari'a ta riga ta ba mu makari. A mayar da ƙasar wakafi, ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado, kamar yadda Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya yi da gonarsa ta Haibara. Ginin kawai mutum zai mallaka, in zai tashi ƙungiya ce ke da haƙƙin fara saye. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, ita ya kamata ta rubuta wannan ta tsare.

Kada kuma a ce unguwar ta matalauta ce kaɗai. Garuruwanmu ba su taɓa sanin haka ba: katangar Alhaji ita ce katangar mai faskare, kuma akushin da ake miƙawa bayan magariba ta nan yake bi. Idan malamin firamare da ɗan kasuwar hatsi na Dawanau suka shiga, suka biya cikakken farashi, rarar ita za ta ɗauki ɗakin bazawara mai marayu, zakka ta cike giɓin. Limamai da kwamitocin masallatai na Makoɗa da Tsanyawa da Minjibir suna iya kai wannan magana gaban kansiloli kafin a rubuta kasafin kuɗin baɗi.