Kafin kwal ya kai bakin ruwa, a biya bashin Maiganga

Kamfanin siminti na Lafarge ya sauya hannu. Holcim ta sayar da kasonta, sama da kashi 83 cikin 100, ga kamfanin Huaxin na ƙasar Sin a cinikin da ya kimanta Lafarge gaba ɗaya a kan dala biliyan ɗaya, har Majalisar Dattawa ta yi ta kai-kawo a kan ko ya dace baƙo ya riƙe irin wannan kadara. Mun saurari muhawarar. An yi maganar hannun jari, an yi maganar martabar ƙasa. Abin da ba mu ji an ɗaga da ƙarfi ba shi ne Maiganga, ƙauyen da ke ƙaramar hukumar Akko a Jihar Gombe, inda tun wajen 2007 ake tonon kwal domin hura wutar masana'antar Ashaka, wadda ita ma tana cikin cinikin.

An tayar da mutanen daga mazauninsu na gado. Tun daga lokacin kukansu bai sauya ba: ruwan sha, gonaki, diyya, lafiya. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahaƙar kwal ya san abin da suke nufi. Uwar gida ta shanya farin zane da safe, kafin azahar ya yi toka-toka. Ganyen dawa ya ɗauki baƙar ƙura, tirela ta wuce ta ƙara masa. Yaro ya kwana yana tari.

Ba Gombe ce za ta amsa wannan ba, Abuja ce. Tsarin mulki ya damƙa duk ma'adinan ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, a nan ake ba da lasisi, a nan ake soke shi. Dokar haƙar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisi ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da masu wurin kafin ya fara aiki, a kuma sake duba ta duk bayan shekara biyar. To ina ta Maiganga? Wa ya sa hannu, me aka alkawarta, me aka cika? Ministan ma'adinai Dele Alake, wanda ya iya soke lasisi 1,633 a Nuwamban 2023, ba zai gaza fito da wannan takarda ba. A wallafa ta, har da Hausa, a manna a ƙofar mai gari.

Za a ce mana siminti sai da wuta, matasa kuma sai da aiki. Haka ne, amma ba mu ga inda aka rubuta cewa sai rijiyar talaka ta lalace kafin buhun siminti ya fito ba.

Abin da ya sa muke matsawa yanzu shi ne gwamnati na ta zawarcin masu zuba jari a harkar ma'adinai, kwal kuwa kaya ne mai nauyi wanda a ƙarshe ruwa yake nema. Mun taɓa ganin haka. An gano kwal a Udi a 1909, Turawa suka gina Fatakwal da layin dogo domin fitar da shi. Jirage suka kwashe, Inugu ta tashi da ramuka da kaburburan ma'aikata 21 da aka harbe a Iva Valley ranar 18 ga Nuwamba, 1949. Yau akwai kwal a Okaba da Ankpa a Jihar Kogi, ga tashar jiragen ruwa ta Lakwaja da ba a gama ba, ga ta Baro da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Janairun 2019 aka bar ta ga ciyawa, hanyar Agaie zuwa can ta zama abin kuka. Muna son tashoshin nan su farfaɗo, Arewa ta daɗe tana jira. Amma duk ranar da za a jibge kwal a gaɓar Neja, masunta da manoman fadama ne za su fara shaƙa. A tambaye su tun yanzu, a bayyana rahoton nazarin muhalli kafin a kafa tubali.

Ba mu manta da Zamfara ba. A 2010 sai da gubar dalma daga haƙar ma'adinai ta kashe yara sama da 400 kafin hukuma ta waiwaya, kuma likitocin waje ne suka riga ta isa.

Saboda haka muna maimaitawa. Ma'aikatar ma'adinai ta fito da yarjejeniyar Maiganga. Hukumar kula da muhalli ta NESREA ta auna ruwan rijiyoyin ƙauyen, ta faɗi sakamako a fili. Sabbin masu Ashaka kuma, da suka gaji rami da injina, su san sun gaji alkawuran da ke kansu, su je ƙauyen da ƙafarsu kafin damina ta sake cika ramin.